Odalis Ferrer, Wadda Ta Bar wa Teku Roka

Kafin kowa ya iso tashar jiragen ruwa ta Kanaberal, Mis Odalis Ferrer ta riga shi. Za ka same ta tsaye a bakin gada da ɗan kofin gahawarta irin ta mutanen Kuba, wadda kurɓi ɗaya ke miƙar da gashin kunne, tana kallon ruwa. Ba ta duba na'ura sai ta duba ruwa. Daga nan ta bi sarƙoƙi da tafin hannu, ta leƙa kayan walda, ta tambayi kowa iyalinsa da suna. Haka take tun da aka ba ta shugabancin masu ɗauko roka daga teku, kuma Juma'ar nan za ta ajiye aiki.

Ni Hollis Budro ke magana. Ban yi makaranta ba, ban kuma ga abin da na rasa ba. Na yi kamun jatan lande tun kafin gemu ya fito min. Guguwa ta yaye rufin gidana, na mayar. Jirgi ya nutse da ni, na fito; wanda ya ƙera jirgin ya daɗe a ƙasa, ni ga ni. Yatsuna tara ne, kuma da taran nan na fi masu goma iya walda. Saboda haka in na cire wa mutum hula, ku san ya kai.

Ita injiniya ce, amma ba ta taɓa yi min magana daga sama ba. Ranar da na tambaye ta me ya sa ba za a bar rokar ta dawo kan tudu mu huta da wahalar teku ba, sai ta ce, "Tsoho, in ka cika jirginka da ƙanƙara, ina za ka zuba jatan landen?"

Na ce, "In ban sa ƙanƙara ba kuma ya ruɓe."

"To ka gama karatun. Man da za ta rage don dawowa, gurbin kaya ya ci. Dawowa har gida mai ne da yawa, shi ya sa in kayan na da nauyi muke kai mata faranti tsakiyar teku."

Faranti shi ne faffaɗan dandamalin ƙarfen da gindin rokar ke sauka a kai. Ta ce injin ko an rage shi iya ragewa ƙarfinsa ya yi yawa, rokar ba za ta iya tsayawa cak a iska ba, dole gudunta ya ƙare daidai lokacin da ƙafa ta taɓa ƙarfe. Ƙafafun ma an yi su sirara don rage nauyi, an cusa musu wani abu kamar saƙar zuma da ke murƙushewa ya shanye bugun.

Na ce, "Kowa ya rage nasa nauyin. Sauran wa zai ɗauka?"

Ta dube ni, ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ku."

Gaskiya ta faɗa. A zamanin nan, in roka ta sauka, mu ke hawa farantin. Abu ne mai tsawon bene a kan bene, tsaye bisa ƙafa huɗu, ruwa na jijjiga shi. Mukan kifa wa kowace ƙafa takalmin ƙarfe, mu yi masa walda da doron farantin, sannan a ɗaure da sarƙa. Kana durƙushe a gindinta, fuskarka cikin hular walda, ba ka ganin komai sai tartsatsi.

Akwai rokar da muke kira Kaka, don ta fi kowacce zuwa da dawowa, ta yi baƙi ƙirin da hayaƙi. Garin nan kaf na sonta. Wata rana aka ɗora mata tauraron ɗan'adam mai nauyi, man saukarta ƙiris, ta sauko da ƙarfi. Saƙar ƙafa ɗaya ta murƙushe, ta karkace kamar mashayi ya jingina da bango. Rana tsaka ce, igiyar ruwa na tashi. Muna cikin ƙaramin kwalekwale mun kusa farantin, takalmin yana kan cinyata, sai muka ga Kaka ta zame kamar kamu guda, ta tsaya.

Oba-oba ta yi ƙara, sai muryar Odalis daga babban jirgi. "Hollis, ku juyo."

"Mis Odalis, ki ba ni ƙafa ɗaya kawai. Na yi walda a ruwan da ya fi wannan hauka."

"Na sani, ka ba ni labarin har na haddace. Ku juyo."

"Kaka ce fa."

"Da yatsu tara Lorin ta ba ni aronka, da tara zan mayar mata. Juyo, tsoho."

Lorin matata ce. Muka juyo ina ta masifa.

Ga inda masu surutu suka samu abin yi: Kaka ba ta faɗi nan take ba. Ta tsaya a karkace har rana ta yi sanyi, sannan wata igiya ta ɗaga farantin, Kaka ta tafi ruwa, ta share kusurwar da na yi niyyar durƙusawa. Sai aka ce ai da akwai lokaci. Aka laƙa wa Odalis suna, wai mai nutsar da roka. Ƙarin girman da ake sa ran za ta samu ya wuce ta kanta. Ba ta taɓa kare kanta ba. Abin da ta yi, ta dinga damun na sama har aka ƙera injin da ke rarrafawa zuwa gindin roka ya riƙe ta ba tare da mutum ya hau ba.

Kwanan baya a gidan cin kifi wani mai jar hula ya sake maimaita sunan nan. Na ce, "Ɗan'uwa, ranar kana ina?" Ya ce yana kallo a waya. Na ce, "To ci gaba da kallo, ka bar maganar ga waɗanda ruwa ya jiƙa."

Har gobe ina cewa da an bar ni da na ɗaure ta, don hannuna bai taɓa ba ni kunya ba. Amma ke, Odalis, ba a ba ki aikin auna cika bakina ba. Ke ce aka ajiye a ƙarshen layi, inda duk abin da masu lissafi suka rage yake faɗowa. Sun auna mai da kaya, sun auna ƙafa da nauyi, kuma sun yi daidai. Ke aka bar wa awon da ba ya shiga na'ura, kika ɗora roka a hannu ɗaya, tsohon mai walda a ɗaya, kika ce tsohon ya fi nauyi. Kainuwa a bakin teku, wadda zagi bai tumɓuke ba. Na gode. Lorin ta gode, jikokina da aka haifa bayan ranar sun gode, ko da ba su san don me ba.

Ku da za ku gaje ta, in ranarku ta zo, ku iya cewa a juyo, ku kuma iya ɗaukar sunan da zai biyo baya.

Ranar Juma'a zan zo da takalmin nan. Yana garejina tun ranar, fes da shi, ko ɗigon walda babu. Na haɗa ƙarafan da suka fi garin nan nauyi, amma duk aikin da na yi a duniya, wannan da kika hana ni shi ya fi yi min rana. Zan ajiye shi gabanki, Odalis, duk mai maganar nutsar da roka ya zo ya faɗa a kan idona. Ina nan da rai, zan amsa masa.