Hoton da ke Ƙarshen Jan Zare

Shekara goma sha ɗaya muka yi muna shara tare da Yaya a ofishin yaƙi da ta'addanci, ita a bene, ni a ƙasa. Ba uwarmu ɗaya ba, girmanta ne ya sa nake ce mata Yaya. Mace ce mai tsabta har ta ban haushi. In na goge tebur sai ta bi da yatsa ta duba, ta ce, "Wannan shara ce ko gaisuwa?" Mun sha faɗa a kan haka, don ni ma bakina ba ya shiru.

A benen akwai ɗaki mai ƙaton allo a bango, cike da hotunan 'yan ta'adda. Manyan uwar ƙungiya suna sama, ƙananan ƙungiyoyin da suka yi musu mubaya'a suna ƙasa, an haɗa su da jan zare. Wani jami'i ne ke kula da allon, muna ce masa Mai Tabarau. Dokarsa ɗaya ce: a goge ko'ina, kada a taɓa allo.

Wata safiya na hau bene aron bokiti, na tarar da Yaya tana shafa wani hoto da gefen gyalenta. Can ƙasa yake a kusurwa, inda zaren ya ƙare. Saurayi ne, ya rufe rabin fuska da ƙyalle, akwai tabo a girarsa ta hagu.

Na ce, "Yaya, so kike a kore mu?"

Ba ta juyo ba. Ta ce, "Bakin murhu ne ya yanke shi a nan, yana shekara huɗu."

Ashe ɗanta ne tilo, wanda ta ce mini ya tafi neman aiki shekara shida da suka wuce. Wasu ne suka hure masa kunne ya bi su daji. Na ce ta gaya wa Mai Tabarau. Ta ce in ta faɗa sallamarta za a yi, in an sallame ta kuma ina za ta ƙara ganinsa? Ta daɗe da lura cewa wanda ya mutu ake cire hotonsa. Muddin hoton na allo, ɗanta na numfashi.

Ni dai ban ɓoye mata ba. Na ce yaran nan sun sa mata da yawa takaba, Allah ya isa tsakaninmu da su. Ta ce, "Na sani, ƙanwata. Roƙona a kama shi da rai, ya amsa laifinsa, in riƙa kai masa abinci gidan yari." Wallahi ban taɓa jin buri mai ciwo irin wannan ba. Daga ranar, kullum in ta sauko sai ta raɗa mini, "Ya kwana lafiya."

Ran nan ta sauko da gudu kamar yarinya. An cire zaren da ya haɗa ƙungiyar su ɗanta da manyan na sama. Ta ji jami'ai na cewa sun janye mubaya'a. "Ya rabu da su! Hanyar gida ke nan!" Har na taya ta murna. Rashin sani ya fi dare duhu. Mu masu tsintsiya ina muka san abin da ake yi wa wanda ya ɓalle?

Cikin sati biyu hotunan kusurwar suka fara raguwa, yau biyu, gobe ɗaya. Yaya ta daina cin abincin rana.

Duk takardar da ta fito daga ɗakin, doka ce a sa ta a injin yayyaga takardu a gaban jami'i. Wata rana kwandon takardun ya yi nauyi, na hau bene in taya ta. Muna tsakar sakawa hannunta ya tsaya. Ga hoton nan, da hujin ƙusa a samansa.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan fa? Ko kuskure ne ya faɗo?"

Mai Tabarau bai ma ɗago kai ba. Ya ce, "Nasu ne suka gama da su, Baba. Uwar ƙungiya ba ta yafe wa wanda ya ɓalle. Ki sa a inji."

Ban ga laifinsa ba, bai sani ba. Na miƙa hannu na ce, "Kawo in saka miki."

Ta ce, "Bari. Ni na haife shi."

Ta goge fuskar da gefen gyalenta, ta gyara inda takardar ta lanƙwashe, ta saka. Injin ya ja, ya yi shiru. Ta kwashe abin da ya fito ta ɗaure a leda, ta share ƙasan wurin tsaf.

Da yamma na je ɗakinta. Babu gawa, babu tabarma a ƙofar gida, babu wanda za a gaya wa. Ni kaɗai ce na yi mata gaisuwa, kuma na yi kukan da ko ranar rasuwar mijina ban yi ba.

Har yau tana zuwa aiki kafin kowa. Wani lokaci da gangan nake barin ƙura a kan tebur, ko za ta tanka. Tun ranar ba ta ƙara bin teburina da yatsa ba.