Baban Farawa Ya Ajiye Aiki Babu Magaji

Kafin kowa ya iso ofis, Baban Farawa ya riga ya zauna a lungunsa na bakin taga, tabarau a kan hanci, wata 'yar na'ura a buɗe a gabansa, wayoyi sun fito mata ta ko'ina. Ya kunna, ya kashe, ya zare filogi, ya mayar. Haka zai yi ta yi har shayinsa ya huce. Mu kuwa sai tsiya: "Haba Baba, ka bar baiwar Allah ta huta mana!" Shi dai sai murmushi.

Kamfaninmu na ƙera na'urar da ke kula da ɗumin kwalbar jarirai bakwaini. Ni mai gwaji ce, ban iya rubuta manhaja ba, amma na san aikinsa. Idan wuta ta shiga na'ura, ba ta san hagu da dama ba. 'Yan layukan da Baba ya rubuta su ke fara tashi: su share ƙwaƙwalwarta tas, su ajiye komai a mazauninsa, sannan su miƙa ragama ga babbar manhaja su koma gefe. Duk cikin ƙiftawar ido. Wannan shi ake kira farawa, nan ya samo sunansa.

Wata shekara aka matsa mana sai na'ura ta riƙa tashi da sauri. Shugaban sashenmu ya ce a cire sharar nan, ai a wanke ƙwaƙwalwar take tashi. Baba bai yi musu ba. Ya cire, ya tara mu, ya kunna: lafiya lau. Sai ya zare filogi ya mayar nan take, kamar yadda wuta ke ɗaukewa ta dawo. Na'ura ta tsinci tsohon awo a ƙwaƙwalwarta, ta ɗauka kwalba na da sanyi, ta yi ta hura zafi. Ni kuwa a raina jariri na hango a cikin kwalbar. Shugaba da bakinsa ya ce, "Baba, don Allah mayar."

Kai ne mai share fage, Baba. Aikinka in ya yi kyau ba mai gani, ba mai cewa sannu. Akwai yaran da yau suke guje-guje a makaranta, iyayensu ba su taɓa jin labarinka ba, kai ma ba ka san fuskarsu ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne, ba wanda ya gaji wannan hannu. Ya yi ta roƙo a zo a koya. Injiniyoyinmu su ce, "Baba, aikin nan naka ba ya fitowa a allo, wa zai san mun yi?" Yakan jera kujeru a ɗakin taro, ya jira, ya mayar da su da kansa. Yanzu ido ya ƙi, haruffa sun daina tsaya masa, watan jiya ya ajiye aiki. Ga shi baɗi za a canja ƙwaƙwalwar na'urar, dole a sake rubuta farawar daga tushe, kowa na kallon ɗan'uwansa.

Baba, mun gode. Allah ya saka, ya ƙara lafiya. Ku kuma masu tasowa, mutumin nan yana raye, kansa garau, ƙofarsa a buɗe. Ku je ku zauna gabansa tun da sauran dama.

Ranar Asabar na je gaishe shi, na tarar ya tafi ganin likitan ido. Mai ɗakinsa ta rako ni bakin ƙofa, ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, ki gaya musu. Kullum ya idar da sallar la'asar sai ya tambaye ni ko wani ya kira daga ofis. Na gaji da ce masa a'a."