Mai Kunna Fanka da Hannu

Maƙwabcina ne fiye da shekara talatin. Direba muke kiransa, ko da yake ya daɗe da barin kamfanin da ya yi wa tuƙi. Da zai yi ritaya aka bar masa tsohuwar motar ofis, mai ruwan toka da dogon gaba, wadda ta girmi 'ya'yansa duka. Kowace safiya yakan fito da bokiti da tsumma biyu, ɗaya na jiki ɗaya na gilashi, kuma ba ya yarda su haɗu.

Motar tana da hali guda. In tana gudu iska na sanyaya ta, in ta tsaya a cunkoso sai ta ɗau zafi. Tun tuni ya cire fankar da belet ke juyawa, ya ɗaura ta lantarki a jikin lagireto, ya jawo waya zuwa wani ɗan makunni a ƙarƙashin sitiyari. Shi ke kunnawa, shi ke kashewa, ido ɗaya a titi ɗaya a kan allurar zafi. Mai gyaran wayar mota na bakin layinmu, wanda kowa ke kira Riwaya, ya sha gaya masa akwai 'yar na'ura mai jin zafin ruwa ta kunna fanka da kanta.

"Ita ta san motar ko ni?" in ji Direba. Nan maganar ke tsayawa.

Bana idanunsa suka yi rauni, likita ya hana shi tuƙi. Autarsa, wadda ke aikin jinya, ta ce ita za ta riƙa fita da shi. Fitarsu ta farko suka shiga cunkoso wajen kasuwa suna ta hira. Ita ba ta tuna da makunni ba, shi kuma bai ga allura ba, sai tururi suka gani. Da igiya aka jawo su gida. Ya rufe motar da tamfol, ya ce ta gama yawo, gara ta zauna da a ƙona mata inji.

Kwana goma yana zaune a ƙofar gida, bayansa ga motar. Gaisuwarsa ma ta gajarta.

Ranar Asabar da hantsi Auta ta zo da Riwaya. Ya ɗaura na'urar a bakin tiyon ruwa na sama, ya nuna wa Direba ɗan abin murɗawa da ke jikinta.

"Baba, ba ni zan saita ba. Kai za ka koya mata lokaci."

"Ƙarfe zan koya wa?"

"Ai ka koya wa Auta tuƙi," in ji Riwaya, "kuma kanta ya fi wannan tauri."

"Ina jin ka fa," ta ce daga cikin mota.

Ta tayar da inji, bonet a buɗe. Direba ya matso, ya karkata kunne, yana ɗan taɓa tiyon da tafin hannu yana janyewa. Muka tsaya muna kallonsa. Can ya ce, "Yanzu." Riwaya ya murɗa a hankali har fanka ta tashi.

"Baba, allura ta ɗan gota tsakiya," in ji Auta.

"Na sani."

Bai gamsu da sau ɗaya ba. Aka bari fanka ta tsaya, zafi ya sake hawa. A karo na biyu ta riga shi da kaɗan, ya ce tana da gaggawa, aka rage. A na uku bakinsa ya buɗe ke nan ta kama juyawa. Ya rufe bakin, ya goge hannu a rigarsa.

Da yamma suka ce in raka su kasuwa. Muka faɗa cunkoson nan dai, bayan wata motar kaya. Ina kujerar baya, na ga hannun Direba yana motsi a kan gwiwa kamar zai kai wa makunni. Sai muka ji fanka daga gaba, a hankali, hannayen Auta duka biyu a kan sitiyari.

Direba ya lalubo makullin motar na biyu daga aljihu ya ajiye mata a cinya.

"Gobe za ki kai ni gidan gwaggonki," ya ce. "Ki bi ta tsakiyar gari, can ya fi cunkoso."