Malam Abdulbaƙi Labaran, Mai Lissafin Taurarin Challawa

Haihuwa

An haifi Malam Abdulbaƙi a shekarar 1949 a ƙauyen Challawa. Mahaifinsa, Malam Labaran, manomi ne wanda jama'a ba sa fitar da iri sai ya ce taurarin Kaza sun faɗa yamma. Mahaifiyarsa Asabe kuwa daddawa take yi.

Karatu da aiki

Bayan saukar Alƙur'ani a 1961 ya shiga firamare a makare, sannan kwalejin horon malamai, ya fito a 1973 ya fara koyar da lissafi. Ya haɗa ilimin falakin da ya gada da lissafin boko, har yakan faɗi yammacin da jinjirin wata zai tsaya, mutane su taru a tudun gonar gidansu su gani da idonsu. Ɗalibai suka laƙaba masa Malam Sama, saboda yawan tuntuɓen da yake yi yana kallon sama.

Aure da zuri'a

A 1975 ya auri Aina'u. Ta sha ce masa, "Malam, ku koya wa yaran nan abin da Baba ya koya muku." Amsarsa ɗaya ce kullum: "Taurari ba sa ƙaura. Bari su girma tukuna."

Tudun gona

A 1986 aka yanka gonakin ƙauyen don masana'antu. Da yake babu wanda ya kai shi iya awo, dagaci ya roƙe shi, kuma da igiyarsa aka auna tudun nan. Ba a jima ba katangar wani kamfanin jima ta tare yamma, hayaƙi da fitilu suka cinye abin da ya rage na sararin sama. Ranar da ya ga babban ɗansa Ibrahim ya isa koyo, ya fita da shi bayan magariba ya nuna masa inda Kaza take. Yaron ya duba, bai ga komai ba sai jan haske. Wannan baƙin ciki bai rabu da Malam ba har ya yi ritaya a 2008.

Rasuwa

Allah Ya karɓi ransa ranar ashirin da tara ga Sha'aban, a 2021. Bayan la'asar aka binne shi a maƙabartar bayan kamfanin, wuri ɗaya tilo da yamma ta rage a buɗe. Ya bar matarsa Aina'u da 'ya'ya huɗu: Ibrahim, Safiya, Abubakar da Maimuna. A yammacin nan watan azumi ya tsaya, su huɗun duka a rediyo suka ji.