Hannun Mai Zare

A layin masu gyaran mota, Mai Zare ake kiransa. Shekara ashirin da bakwai yana rumfa ɗaya, tsakanin mai walda da mai ɗinkin kujeru. Ba ya taɓa inji. Aikinsa jikin mota ne: ya goge ta, ya fito da ƙyallin fenti, ya cire tamburan kamfani da haruffan sunan mota da ake mannawa da gam. Wasu da sukudireba suke ɓamɓare su, su bar wa mota tabo. Shi kuwa sai ya ɗumama wurin da na'urar busar da gashi, ya zura zaren kamun kifi a bayan harafi, ya riƙa ja hagu da dama har gam ɗin ya saki. Abin da ya rage, da babban yatsa yake murje shi.

Bara hannunsa na dama ya soma rawa. Matarsa ce ta fara lura, ranar da shayi ya zube masa a riga.

"Baban yara, hannun nan fa?"

"Gajiya ce."

"Gajiyar da ba ta ƙarewa? Wata uku ke nan ina kallonka."

Ya tashi ya bar mata kofin. Tun daga ranar, da ya ga mutane sai ya cusa hannun a aljihu.

Wata safiya wata mata ta kawo jar motar tsere mai ƙofa biyu, ƙasa-ƙasa, har cikinta ya kusa gogar dakalin rumfar. Likita ce, mako biyu da sayen motar. Haruffa biyar masu ruwan azurfa da ke bayanta ne ba ta so.

"An ce mini kai ne ba ka ji wa mota ciwo, Baba."

"Haka dai suke faɗa," ya ce.

Ta zauna a benci tana duba wayarta. Haruffa huɗu suka fita lafiya lau. Yana kan na biyar rawar ta taso. Ya damƙe na'urar da ƙarfi don ya tsayar da ita, hankalinsa duk ya koma kan hannun, bai ga ya matso da bakinta dab da mota ba. Ƙauri ne ya farkar da shi. Fentin ya kumbura, ya yi bororo kamar fatar da ta ƙone.

Ya kashe na'urar. Ya daɗe a tsugune, zufa na bin bayansa.

"Likita, zo ki gani. Na ƙona miki fenti."

Ta zo ta duƙa, ta shafa wurin, fuskarta ta canza.

"Haba, Baba! Mako biyu fa kacal!"

Ta ɗago za ta ci gaba da faɗa, sai idonta ya sauka kan hannunsa, zaren da ke rataye a yatsunsa yana ta kaɗawa.

"Zauna. Ɗora hannun a gwiwa, ka sake shi." Ya yi yadda ta ce, hannun ya ci gaba da abinsa. "Maɓallin riga yana ba ka wuya?"

"Matata ke saka mini."

Ta rubuta masa sunan wani likitan jijiyoyi a takarda. Ya roƙe ta ta bari ya ƙarasa cire harafin, ta girgiza kai, ta ce mai fenti zai haɗa duka. Ta ja motarta, harafin yana reto a karkace. Wannan ya fi faɗan yi masa zafi.

Kwana tara takardar tana aljihunsa, sai da matarsa ta tsince ta wajen wanki, ta tisa shi a gaba zuwa asibiti. Aka ce ciwon ba ya warkewa, magani sai dai ya lafar da shi.

Yanzu idan ya sha ƙwayar safe, hannun yakan ba shi kamar awa uku. A cikinsu yake aiki, tsofaffin motoci kawai. Sabuwa in ta zo, sai ya ce aiki ya yi masa yawa, ya tura ta wajen wani a ƙarshen layi.

Ran nan yana gaya wa matarsa cewa har yanzu babu wanda ya gane a wurin aiki. Ta ajiye tsintsiya ta dube shi.

"Baban yara, matar mai walda ta zo yi mini sannu tun watan jiya. Kowa ya sani. Kunyarka suke ji."

Washegari bai fita ba, ya yini a ɗaki fuskarsa na kallon bango. Sai da gari ya sake wayewa ya ɗauki jakarsa ya tafi. Da ya iso, mai walda ya ɗago gilashin fuskarsa ya gaishe shi kamar kullum, shi ma ya amsa kamar kullum, ya buɗe rumfa.