Ni Ne Na Cire Muryarka, Andani

Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu na 2025, ina tsugune a gindin kwandon bola na unguwar Dabokpa ina duba wata na'ura da ta daina aiki, sai Imurana mai motokin, babur mai ƙafa uku na kwasar bola, ya tsaya a gabana, ko inji bai kashe ba, ya ce Andani Saani ya cika a asibiti bayan jinyar kwana tara. Na Allah muke, wurinsa kuma za mu koma. Bayan la'asar aka yi maka salla, Andani. Masallaci ya kasa ɗaukar jama'a, sahu ya fita har bakin titi. Ina sahun gaba ina hawaye, ina kuma waiwaye ina tambayar kaina ko rabin waɗannan za su zo tawa jana'izar. Da wannan na fara, Andani, don mai karatu ya san irin mutumin da yake yi maka ta'aziyya.

Tare muka yi karatun allo a Moshi Zongo. Ni ne mai haddar, kai ne mai surutun. Ni na wuce har Kumasi na dawo da takardar injiniya, kai kuwa ka ajiye boko a hanya, ka buɗe kiyos kana gyaran rediyo, daga baya wayar hannu. Na girma ina jin ana cewa “Yusif mai kai”, na kuma yarda da su ɗari bisa ɗari.

Shekara biyar da suka wuce, ruwan farko ya shiga gidaje a unguwarmu saboda leda ta toshe kwatoci. Na zauna wata bakwai na rubuta manhajar da na sa wa suna Gari Tsaf. Muka maƙala ƙananan na'urori a manyan kwandunan bola. In kwando ya kusa cika, na'ura ta sanar da kwamfuta, kwamfuta ta tsara wa masu motokin hanya mafi kusa zuwa juji a Gbalahi, sannan ta buga wa gidaje waya da safe cewa mai kwasa yana tafe. Shan mai ya ragu, hayaƙin ƙona bola ya ragu. Duk wannan daga kaina ya fito. Kai na ɗauko ka ne don ka riƙa yi mini walda da ɗaurin waya, ba don ka ba ni shawara ba.

Ba a yi wata guda ba ka ba ni shawarar. Lissafina ya ƙi daidaita: wannan mako bola ta yi ambaliya ranar Talata, mako na gaba ranar Litinin. Na kwana uku ina neman kuskure a cikin manhaja. Ka leƙo ta kafaɗata da kofin koko a hannu, ka ce, “Nzo, kwamfutanka yana ƙirga bakwai. Kasuwa shida ne yake ƙirga.” Nzo, wato abokina, haka kake kirana da Dagbanci. Kowace mai sayar da kuɓewa ta san kasuwar ƙasar nan duk kwana shida take ci, ni da takardata na manta. Na gyara a cikin minti goma, ban ce maka na gode ba.

Sai maganar kiran waya. Saƙon da na tsara gajere ne, muryar inji ce: mai kwasar bola zai iso ƙarfe kaza. Mutane suna ɗauka su kashe. Na ce jahilci ne. Ka yi dariya har da dafa bango, ka ce, “Wa zai saurari mutum da bai gaishe shi ba?” Ka karɓi makirfo ka yi sallama, ka ce “Dasiba”, ina kwana ke nan, sannan ka yi shiru. Na ce ci gaba mana. Ka ce a'a, a bar wa mutum wuri ya amsa. Muka yi ta ja-in-ja a kan daƙiƙa huɗu na shiru, ni ina cewa ɓata lokaci ne. Ka yi nasara. Daga ranar tsofaffi suka riƙa amsa wa waya “Naa” kamar kana tsaye a ƙofar gida, su saurara har ƙarshe, su fito da bolarsu.

Nan ne ciwona ya fara. Ba wanda ya sake cewa Gari Tsaf. A Dabokpa, a Zongo, har a bakin masu motokin da ni na koya musu karanta taswira, sunan abin Wayar Andani. Na buga sunan gaskiya a jikin kowane kwando da fenti kore, a banza. Wata rana mahaifiyata da kanta ta ce mini, “Ka gaishe da Andani, aikinsa ya yi albarka.” Na ce to.

Da ka kasance mai ƙwace, da na sami sauƙi. Ba haka kake ba. Da baƙi suka zo daga Akara suka kewaye ka da tambayoyi, hannuna ka kamo ka ja ni gaba, ka ce ga mai abin, ni maƙeri ne kawai. Suka gaishe ni da ladabi, suka koma kanka. Wannan ya fi komai ƙona mini rai, don ko kyautar da ka yi mini yabo ta ƙara maka. Da mata suka riƙa zuba toka mai zafi tana narka mini na'urori, ni na ce a kai ƙararsu. Kai ka bi gida gida, ka durƙusa wa tsofaffi, ka roƙi a riƙa yayyafa wa toka ruwa. Da ƙarfe ya yanke Imurana a juji, kai ka goya shi a babur zuwa asibiti, kai ka hau motokin ɗinsa kwana goma sha biyu don kada layinsa ya zauna ba kwasa. Na ga duk wannan da idona. Na so ka, Allah shaida, na kuma yi ƙyashinka kowace rana ta Allah.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Washegarin binne ka, ranar Alhamis da hantsi, na shiga ofis na kulle ƙofa, na cire muryarka daga manhaja, na ɗauki tawa na sa. Na yi sallama, na ce Dasiba, har shirun nan na daƙiƙa huɗu na bari. Da Imurana ya tambaye ni dalili, na ce bai kamata mamaci ya riƙa kiran mutane ba, kuma a tausaya wa matarka Hawawu da take cikin takaba. Ya gyaɗa kai, ya ce na yi tunani. Ƙarya na yi masa. Shekara biyar nake jiran ranar da garin nan zai tashi da muryata, ban iya jira ko sadakar uku ta wuce ba.

Kwamfuta tana nuna mini wanda ya saurara da wanda ya kashe. Kowace safiya na zauna ina kallon lambobi suna kashewa tun kafin in gama gaisuwa. Na ce za su saba.

Ranar sadakar bakwai, bayan an shafa fatiha an raba maasa, wato waina, aka ce Hawawu tana son magana da ni. Na tashi na je. Na tsaya a bakin ƙofa, ita tana bayan labule, na shirya hujjojina tsaf a baki.

“Malam Yusif,” in ji ta, “an ce kai ne ya cire muryan.”

Na ce ni ne.

“Ran Alhamis da safe waya ya yi ƙara, na ɗauka, na ji shi. Walahi na faɗi a ƙasa. Yara duk sun gani. Na so in aiko a cire, amma na ji kunya, kar a ce na gaji da shi tun yanzu. Sai kai ka yi, ba wanda ya roƙe ka.” Sannan ta ce, “Shi ma kullum yana cewa kana da zurfin tunani. Allah ya saka maka daidai da niyyanka.”

Matan da suke ɗakin suka ce amin.  Na tsaya ina kallon takalman mutane a bakin ƙofa, na san sarai abin da zai same ni in Allah ya karɓi wannan addu'ar. Da zagina ta yi da na ji daɗi. Na juya na fita ban ko yi mata sallama ba.

Andani, mai rai ake neman gafararsa, kai kuma ka wuce inda ba zan same ka ba. Shi ya sa na rubuta wannan a fili, inda Hawawu da Imurana da duk wanda ya yabe ni zai gani. Jiya na mayar da muryarka a kan kowace lamba a garin nan, ban da lambar gidanka, wadda ba zan taɓa ba sai ranar da Hawawu ta ce. Na kuma canza sunan manhajar zuwa wanda mutane suka zaɓa tun tuni. Ba zan ce zuciyata ta wanke ba. Ina buga haruffan sunanka ina jin abin nan yana cizona kamar dā. Amma na buga.

Ya Allah, ga bawanka Andani ɗan Saani ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yalwata masa kabari, ka sa duk kwatar da ba ta toshe ba da duk gidan da ruwa bai shiga ba su zama haske a gare shi. Ka ba shi Aljanna, ka kuma cire mini ƙyashin ganinsa a cikinta. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yansa, Maltiti da Majeed da ƙaramarsu Najat, ga 'yan'uwansa, ga masu motokin, da dukan mutanen Dabokpa da Moshi Zongo. Allah ya ba ku haƙuri, ya raya abin da ya bari.

Ke kuma Hawawu, Allah ya sanyaya miki zuciya, ya fid da ke takaba lafiya. Yanzu kin san niyyata. Ina roƙonki, don darajar wanda muka rasa, ki janye addu'ar nan, ki roƙa mini gafara a madadinta.