Ranar da Na Je Asibiti Ban Yi Kwalliya Ba

A gidanmu ba a zuwa asibiti da fuskar ciwo. Dokar Inna ce wannan, mahaifiyata, Bafulatanar Katagum wadda ko ƙaya ta taka sai ta gama gaisawa da mutane kafin ta duƙa ta cire. In za a kai ki wurin likita, sai kin yi wanka, kin shafa mai, kin zizara kwalli, kin ɗaura atamfar ƙasan akwati, an turara miki mayafi, wai kada mutanen Azare su ce 'yar gidan wane ta fito kamar an koro ta. Duk kuma wanda ya ce miki "ya jiki?" amsa ɗaya ce: "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Da wannan tarbiyya na yi shekara goma sha shida ina kai wa likitoci lafiyayyar mace, ina roƙonsu su nemo mata cuta.

Ciwon mara ne, tun al'adata ta farko. Na san kowace mace tana ɗan ji, kuma don Allah kada wata ta sake gaya min haka, na ji ya ishe ni. Nawa yakan fara kwana biyu kafin jinin, ya riƙe min ƙugu, ya sauka cinyoyi, sannan ya dawo mara ya zauna yana murɗa ta kamar ana matse wanki. In yi amai har sai babu abin da ya rage. Zuwa banɗaki a waɗannan kwanaki kuwa, sai na dafa bango ina salati. Ranar farko Inna ta same ni ina birgima a tabarma ina ihu. Ba ta tsorata ba ko kaɗan. Ta kwance gefen zaninta ta tura min a baki ta ce, "Ciji nan. Munyal." Da Fulatanci haƙuri ke nan. Ta ƙara da cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma akwai maza a zaure.

Magani kam na sha. Jiƙon kanwa, tafasasshen ganye mai ɗacin da har yau in na tuna sai yawu ya taru min, gorar ruwan zafi da ta bar min tabo a mara, ƙwayoyin kemis, allurai. Wata goggona ta kai ni har Disina wurin mai maganin sanyi. An yi min ruƙiyya sau biyu, ba aljanin da ya tanka. Kowa kuma da ranar da ya yanka min. Ina budurwa aka ce in na yi aure zai daina. Na yi aure, ciwon ya tare da ni tare da kayan ɗaki. Sai aka ce ai sai na haihu. Shekara shida ke nan haihuwar ba ta zo ba, masu alƙawarin kuma sun koma kallona ta gefen ido.

Asibiti ma na je, ba sau ɗaya ba, ba wuri ɗaya ba. Amma yaushe nake zuwa? Ranar da ciwon ke kaina ko tsayuwa ba na iyawa, kuma a wurin Inna abin kunya ne mace tana fashin salla ta je gaban namijin da ba nata ba. Sai an jira na yi wankan tsarki, na ci abinci, fuska ta dawo. Sannan mu shiga, ni da ita, muna ƙamshi kamar masu zuwa suna. Likita ya ɗaga kai ya ce, "Ya jikin?" Bakina ya ce, "Da sauƙi." To me zai rubuta? An ce labarin zuciya a tambayi fuska, fuskar kuma ga ta sha hoda. A yi hoton ciki a ce ba a ga komai ba. Wani ya ce sanyi ne, wani ya ce taifot, wani ya yi murmushi ya ce in rage tunani. Tunani! Na dawo gida ranar nan na zauna ina tunanin yadda zan rage tunani.

Da ciwon ya tsaya a jikina da na ci gaba da cizon zani. Sai ya kai hannu ga aikina. Malamar firamare ce ni, aji huɗu nake riƙe da shi, kuma ina son ajin nan fiye da yadda zan iya faɗa. Kowane wata sai na yi kwana uku ban je ba. Hedimastanmu dattijo ne mai kirki, amma kirkin ma yana da iyaka. Ya kira ni ofis, yana kallon taga don kada mu haɗa ido, ya ce, "Malama, iyaye sun fara magana. Ki kawo min takardar likita mai nuna abin da ke damunki, in san abin da zan kare ki da shi. In babu, zangon gaba sai dai a ba wani ajin." Na ce to. Ina fita na tsaya a bayan aji ina huci. Takarda mai sunan cuta, alhali duk takardun da ke jakata sun ce ƙalau nake.

Wadda ta buɗe min ido maƙwabciyarmu ce, wata nas Kirista 'yar kudancin Bauci da aiki ya kawo ta Azare. Duk unguwa Sista muke ce mata. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, don haka ta san watana fiye da kalanda. Na kai mata takardun nan ina masifa, na ce likitocinsu ba su san aikinsu ba. Ta duba, ta dube ni, ta ce, "Malama, tsaya. Ke ce na gani ran nan a layin kati a asibitinmu da jan mayafi da lalle?"

Na ce ni ce.

"Wallahi na ɗauka dubiya kika zo. Ni da nake jin nishinki ta katanga ma ban ga mara lafiya ba, balle likita? Wadda take rarrafe zuwa banɗaki, ita za ki kawo mana. Gani ya kori ji. Kuma in kin ce da sauƙi, ni da ke ne."

Na ji haushinta sosai, don gaskiya ta faɗa.

Watan ya zagayo ranar wata Talata. Maigidana ya tafi cin kasuwa tun sassafe, ya biya ya gaya wa Inna ta zo ta zauna da ni kamar kullum. Ta same ni a ƙasa, na yi amai a gefen zani, gashi a tsefe, gumi ya jiƙa rigar barci. Na ce, "Inna, a kira adaidaita. Asibiti za ni."

"A haka?"

"A haka."

"Ke 'yar nan, kina cikin jini fa. Bari ya lafa, jibi in Allah ya kai mu sai mu je a mutunce."

"Mutuncin nan shekara nawa muna kai shi? Me ya sayo mana?"

Ban taɓa mayar mata da magana haka ba. Sista ce ta tsayar da mai adaidaita, ta kama ni muka fita, hijabin salla kawai na zura. Inna ta biyo mu da sauri, kuma ko da na waiga sai na ga abin da ke hannunta: kwalbar kwalli da mayafina mai kyau. Har muka isa tana ƙoƙarin goge min fuska da bakin gyalenta, ni ina kauda kai. Kowane rami mai adaidaita ya faɗa sai na ji kamar an soke ni, ita kuma abin da ya dame ta kada mu gamu da wanda ya san mu.

A keken marasa lafiya aka shigar da ni. Likitan mata ne, wani mai furfura a gemu, ban taɓa ganinsa ba. Ya ce, "Sannu. Ya jikin?" Kun san abin takaici? Ina naɗe kamar tabarma, haƙorana na haɗuwa, amma sai da na ji "da sauƙi" ta taho har bakin leɓena. Kafin in haɗiye ta, Inna ta riga ni. "Da sauƙi, likita, alhamdu lillahi."

Na ɗaga kai na ce, "Babu sauƙi. Wallahi babu. Bai taɓa yin sauƙi ba."

Inna ta ja mayafi ta rufe baki kamar na yi ashar. Ni kuwa da bakin ya buɗe sai ya ƙi rufuwa. Na faɗi na banɗaki, na faɗi yawan jinin, na faɗi har abin da ke tsakanina da maigidana wanda ban taɓa gaya wa kowa ba, a gaban uwar da ta haife ni. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Likitan ya sa aka yi min allura, ya jira na ɗan dawo hayyacina, ya duba ni, ya yi ta tambaya yana rubutu. Shi ne mutum na farko da ya cika shafi a kaina.

Ya ce yana zargin wata cuta da ake kira endometiriyosis. Wani abu mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa ne yake tsirowa a wajenta, duk wata ya kumbura ya yi jini a inda ba shi da hanyar fita. Hoton ciki yakan kasa ganinsa, shi ya sa ake ta ce min ba komai. Ya ce zargi ne, bai tabbatar ba, sai an tura ni Kano an leƙa cikin da 'yar na'ura ta ƙaramin huji kusa da cibiya. Zai ba ni magani kafin nan, zai kuma rubuta wa makaranta takarda. Sai ya ƙara tambaya ɗaya: "Akwai mai irin wannan ciwon a danginku? Yakan bi jini."

Na ce babu.

Inna tana kallon siminti ta ce, "Akwai."

Muka juya gare ta.

"Ni ce. Tun ina budurwa, har Allah ya ɗauke min jinin."

A take na tuna tsofaffin zannuwanta. Babu wanda gefensa bai tattaune ba. Muna yara mukan ce akuya ce take ci a kan igiyar shanya, har dukan akuyar nan mun sha yi, Inna tana kallo ba ta hana mu ba. Haushi ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba, tausayi kuma ya danne shi, na rasa wanda zan fara da shi. Na ce, "Inna, kin sani, kika bar ni?" Ta ce, "Ni ma haka aka bar ni. Na ɗauka haka zama mace yake."

Hedimasta ya karanta takardar sau biyu, ya kasa furta sunan, ya ninke ta ya sa a aljihun tebur ya ce in koma ajina. Kano kuma an ba ni rana, ina jira, ban san abin da za a gani ba, wata yana ci gaba da zagayowa da kayansa.

Amma ranar da muka dawo daga asibitin nan, muna sauka a ƙofar gida, wata Hajiya maƙwabciyarmu ta leƙo ta ce, "Sannunku. Ya mai jiki?" Na ga bakin Inna ya motsa zai yi abin da ya saba. Ta tsaya. Ta dubi kwalbar kwallin da ke hannunta har yanzu, ta soke ta a gefen zani, ta ce, "Babu sauƙi tukuna, Hajiya. Yarinyar nan ta daɗe tana shan wuya."